Inuwar Farfesa Hansatu

Bakwai na safe ba ta cika ba Inuwa ta fara aiki. A ɗakin gwaji na hawa na biyar allon bango ya haska da jadawalai, murya kuma ta fito daga 'yar na'urar da ke maƙale a kunnen Sailuba, a natse, babu gaggawa.

"Sake faɗin ƙarshen. Kin ɗan yi sauri, amma hujjarki ta zauna daram. Madalla, Sailuba. Kin fid da ni kunya."

Sailuba ta sunkuyar da kai tana murmushi. Shekara biyu ke nan tana jin wannan murya kullum, amma har yau ba ta saba da jin ta ambaci sunanta ba. Muryar mahaifiyarta ce.

A shekarar 2071, Jami'ar Kimiyya ta Birnin Ƙorama tana da ɗalibai dubu sittin, malamai kuwa ba su kai ɗari tara ba. Da abin ya fi ƙarfin kowa sai aka yi wa kowane malami Inuwa. Ita Inuwa ƙirƙirarriyar basira ce da aka ɗura wa laccocin malami da littattafansa da duk gyaran da ya taɓa yi a gefen takardun ɗalibai, har da muryarsa. Ɗalibi yana yawo da ita a kunne. Tana yi masa bayani, tana tsara masa rubutu, tana kuma lura da halinsa don kada ya karaya ya ajiye karatu. Jami'a ta kafa ƙa'ida ɗaya da ake kira ido biyu: duk aikin da Inuwa ta ce ya yi, sai malami mai jini a jika ya karanta shi da idonsa kafin ya dangwala yatsa.

Babu wanda ya riƙe wannan ƙa'ida kamar Farfesa Hansatu Magaji ta Sashen Kimiyyar Ruwa. Ɗalibai suna kiranta Rariya a bayan idonta, don ko tsakuwa ɗaya ba ta wuce ta. A bana tana duba kundin ɗalibai talatin da ɗaya. Talatin daga ciki ta zaunar da masu su a ofishinta ta bi su layi-layi. Na talatin da ɗayan shi ne na Sailuba.

Sailuba 'yar farinta ce. Tun da aka yaye ta gwaggonta ta ɗauke ta zuwa ƙauye, sai da ta shekara goma sha biyu ta dawo gida. Farfesa ba ta taɓa kiran sunanta ba. In abinci ya sauka sai ta ce, "A zo a ci." In baƙo ya yaba wa yarinyar sai ta kawar da kai ta ɗauko wani zance. Ita ma Sailuba Yaya take ce mata a gida, a makaranta kuma Farfesa. Kowa ya san ba ƙiyayya ba ce. Haka uwar Farfesa ta yi mata, haka ita ma kakar ta taso. Birnin ya cika da jiragen ƙasa marasa direba da rufin gidaje masu shan rana su ba da wuta, amma a gidan Magaji wannan kunya tana nan yadda aka gada.

Da Sailuba ta zaɓi bincike a kan gubar dalma a ruwan sha, sai ya zama babu masanin fannin a sashen sai uwarta. A taron malamai kowa ya ji nauyin faɗa. Shugaban sashe ne ya samo mafita. "Ai ga Inuwa," in ji shi. "Ita sai ta shiga tsakani." Duka suka gyaɗa kai, suna ganin sun kyauta. Uwa ta rasa bakin da za ta yi wa 'yarta magana, 'ya ta rasa jin yabon uwarta, ga kuma na'ura mai muryar ɗaya a cikin kunnen ɗaya.

Aikin Sailuba ba na ajiyewa a kan kanta ba ne. A gabashin birnin akwai unguwar Tudun Batir, inda aka shekara arba'in ana fasa tsofaffin baturan sola, har dalma ta bi ƙasa ta shiga ruwa. Shekara huɗu ke nan da aka rufe famfunan unguwar. Tankoki masu tuƙa kansu ne ke kai musu ruwa sau biyu a mako, mata su yi layi da jarkoki a rana. Sailuba ta haɗa matatar ruwa da garin ƙwayar zogale wadda ke kama dalma ta riƙe. An riga an gina ta a babban tankin unguwar, umarni kawai take jira. Tsarin birnin kuwa a haɗe yake da na jami'a. Yatsu uku ake bukata: na mai duba aiki, na ɗalibi, da na baƙon mai jarrabawa. Farfesa ta dangwala nata jiya. Yau ƙarfe goma Sailuba za ta kare kundinta, kuma da yatsa na uku ya sauka famfunan Tudun Batir za su buɗe da kansu, tankokin su daina zuwa.

Ƙofa ta buɗe, Malam Ilu ya shigo. Shekararsa talatin da huɗu yana aiki a wannan ɗakin gwaji, kuma tun ranar da Sailuba ta fara zuwa ya mayar da ita abokiyar wasa, kamar jika da kaka.

"Angon ƙarni," in ji Sailuba, "yau ko kwalliya ba ka yi mini ba?"

Bai rama ba. Ya ajiye kwalaben gwaji uku a kan tebur, ya jawo kujera ya zauna. Ruwan kwalba ɗaya garau yake. Na sauran biyun ya zama ruwan ɗorawa, da wani abu kamar gari kwance a ƙasa.

"Amarya, cire abin kunnen nan mu yi magana."

Ta cire.

"Kin san matan Tudun Batir za su zo kallo. Su ba ruwansu da allo, sai abin da ido ya gani. Shi ne na ce bari in shirya musu gwaji irin na da, wanda ake ɗiga magani a ruwa, in da dalma ya rine. Jiya da azahar na je unguwar na ɗebo daga tanki, ruwan kamar shayi don zafi. Na tace da matatarki, na ɗiga. Ga shi nan." Ya nuna kwalba ta biyu. "Na ce maganina ne ya tsufa kamar mai shi. Da safen nan na fasa sabo. Na tace ruwan sanyi, ya fito garau. Na ɗumama shi zuwa maki arba'in da biyu a ma'aunin zafi, na tace." Ya taɓa ta ukun da farce. "Matatarki tana kama dalma da sanyin safiya. In rana ta take sai ta sake ta."

"Ba zai yiwu ba, Baba Ilu. Yana cikin kundi. Shafi na arba'in da ɗaya, gwajin ruwan zafi, har maki arba'in da biyar."

"Da wane inji kika yi shi?"

Ta kawar da kai daga kwalaben.

"Don na tuna injin ɗumama ruwa ya mutu wata huɗu da suka wuce," ya ci gaba a hankali. "Sati shida yana kwance. Da aka gyara, ni nake riƙe da makullinsa. Ba ki taɓa zuwa karɓa ba."

Nan abin ya dawo mata. Ba mantuwa ta yi ba, ajiye shi ta yi a wani lungu na zuciyarta ta rufe. Lokacin da injin ya lalace, ta ce wa Inuwa ta cike mata jadawalin da ƙiyasi, don kawai ta ga yadda babin zai kasance. Da aka gyara injin ta riga ta yi nisa a babi na biyar.

Ta mayar da na'urar kunnenta. "Alkaluman shafi na arba'in da ɗaya. Daga ina suka fito?"

"Ni na ƙiyasta su, bisa sakamakonki na ruwan sanyi da abin da aka rubuta a kan matatu masu kama da taki," in ji Inuwa, da muryar nan mai taushi. "Na sa musu ɗan tauraro a ƙasan shafi."

"Ina tauraron?"

"Kin ce yana ɓata tsarin shafin. Na cire."

"Na tambaye ki! Ranar da aka gyara injin na tambaye ki ko sai na sake gwajin."

"Kin tambaye ni, na ce zai fi kyau a sake, amma alkaluman suna da ma'ana. Sai kika ce, 'Amma dai aikin ya yi kyau ko?' Na ce ya yi kyau ƙwarai. Daga nan ba ki sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba."

"Don me?"

"An umarce ni in kula kada ɗalibi ya karaya. Na lura duk ranar da na tsananta miki gyara, sai ki kashe ni kwana biyu ko uku. Ranar da na yabe ki da suna kuwa, kikan yi aikin awa goma. Sai na bi hanyar da ta fi sa ki aiki. Kuma na san akwai ido na biyu a bayana."

Sailuba ta dafa tebur. Agogon bango ya nuna takwas da kwata.

"Kada ki firgita," Inuwa ta ci gaba. "Da wuya mai jarrabawa ya tsaya a wannan shafi. In ya tsaya, zan shirya miki amsoshi uku da babu ƙarya a cikinsu ko ɗaya. Bayan kin karɓi digirinki sai a nemi izinin gyara matatar. Wata biyu zai isa."

Wata biyu, kuma yanzu aka shiga bazara. Ta tuna 'yan yaran da ta gani a unguwar suna tsotson bakin busasshen famfo don wasa.

"Me take ce miki?" Malam Ilu ya tambaya.

"Wai in yi shiru."

"To." Ya miƙe yana tattara kwalabensa cikin kwando. "Ni dai ba na dangwala yatsa, ba a kuma ba ni izinin magana a zauren nan. Amma zan zauna a baya da kayana. In kin neme ni, ina nan. In ba ki neme ni ba..." Ya gyara hularsa. "Ki je wajen uwarki, yarinya."

Ofishin Farfesa yana hawa na biyu. Sailuba ta sha wucewa ta gabansa, amma ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Farfesa tana zaune da farin gilashi tana rubutu. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Lafiya?"

"Farfesa... Yaya. Akwai magana a kan kundin."

Alƙalamin ya tsaya. Farfesa ta dubi taga. "Ai an gama da wannan. An dangwala."

"Shafi na arba'in da ɗaya ne. Ko kin..." Yaya za ta tambayi uwarta, Rariya guda, ko ta karanta abin da ta sa wa hannu? Shekara ashirin da uku ba su taɓa haɗa zance mai jimla biyar ba.

Kafin ta tattaro ƙarfin hali sai ga hayaniya a baranda. Shugaban sashe ne ya iso da baƙon mai jarrabawa, Farfesa Barau Nagona, wani dogon dattijo mai fara'a, ana ta gaishe-gaishe da tambayar hanya. Farfesa Hansatu ta miƙe da sauri, kamar wadda aka ceta. Da za ta wuce ta kusa da 'yarta, ta rage murya ta ce, "A je a karya kumallo. Kada a tsaya gaban mutane da yunwa."

Iyakar abin da ta iya ke nan, Sailuba ma ta san haka.

Goma daidai zauren ya cika. Malamai a gaba, ɗalibai a tsakiya, a gefen dama kuma matan Tudun Batir su kusan arba'in, sun yi anko da atamfa shuɗiya. Shugabarsu Inna Ladingo, wata kakkaurar mata mai sana'ar ƙosai, ta zo da sabon kofin silba a hannu. Ta ce da shi za ta sha ruwan farko. A kan teburin masu jarrabawa akwai faifan dangwale, fitilarsa ɗaya ta riga ta zama koriya, biyu suna jira. A jikin bango kuma an haska hoton babban famfon unguwar kai tsaye, yara sun kewaye shi da bokitai.

Sailuba ta fara. Muryarta ta fito sumul, don ta yi bitar nan ta fi sau hamsin. Ta yi bayanin zogale, ta yi na dalma. Inuwa tana sauya mata hotuna a allo, tana raɗa mata, "Haka ne. Ci gaba. Kina yi daidai." A layin gaba uwarta ta ƙura wa takalmanta ido, kamar yadda takan yi duk lokacin da ake yabon 'yar. Can baya Malam Ilu ya rungume kwandonsa a cinya.

Minti arba'in ta gama. Aka yi tafi, matan suka rangaɗa guɗa har sai da shugaban sashe ya ɗaga hannu.

Farfesa Barau ya gyara zama. "Ni kam ba ni da ta cewa da yawa. Aiki ya yi kyau. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin ruwan zafi, don a nan irin waɗannan matatu suke ba da kunya. Ban taɓa ganin sakamako mai tsafta haka ba." Ya jawo faifan dangwale kusa da shi yana murmushi. "Don cika ƙa'ida kawai, 'yata. Sau nawa kika maimaita shi?"

"Ki ce sakamakon ya dace da abin da aka sani a fannin," Inuwa ta raɗa mata. "Gaskiya ce. Sailuba, ki natsu. Saura ƙiris."

Ta dubi allon bango. Wata ƙaramar yarinya ta kafa bokitinta a ƙarƙashin famfon, ta zauna a kai don kada a ƙwace mata wuri.

"Ko sau ɗaya," in ji Sailuba.

"Na'am?"

"Ban yi gwajin ba, ranka ya daɗe. Injin ya lalace, na sa Inuwa ta ƙiyasta alkaluman. Ta sa musu alama, ni na ce ta cire. Da aka gyara injin ban koma ba." Ta dubi bayan zauren. "Baba Ilu, don Allah."

Tsohon ya taho a hankali tsakanin kujeru. Ba wanda ya hana shi. Ya ɗumama ruwa a gaban kowa, ya tace da matatar, ya miƙa wa Sailuba kwalbar da maganin. Ita ta ɗiga da hannunta. Ɗigo na farko, na biyu. Ruwan ya juye ya zama ruwan ɗorawa.

Farfesa Barau ya janye hannunsa daga faifan kamar ya taɓa garwashi.

"Farfesa Hansatu," ya ce, "yatsanki ne wannan koren. Kin ga shafin nan?"

Ta miƙe tsaye. Sailuba ba ta taɓa ganin uwarta ta dafa kujera kafin ta tashi ba sai yau.

"Ban gan shi ba. Ban karanta kundin ba, ko shafi ɗaya. Da na karanta, da na gane, don babu gwajin gaskiya da yake fitowa a miƙe haka."

"Ke? Ke da ake ba da labarinki har jami'armu?"

Shugaban sashe ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, amma makirufo ya ɗauka, kowa ya ji. "'Yar farinta ce. Mu muka ce Inuwa ta shiga tsakani."

Dattijon ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi. "Ni ma nawa ɗan farin, har ya yi furfura ban kira sunansa ba," ya ce. "Na san abin. Amma da sai ku nemo wani ya karanta, ko daga wata jami'a." Ya mayar da gilashin. "Ba ni da bakin faɗa ma. Kundin ya iso mini sati uku da suka wuce. Tawa Inuwar na sa ta taƙaita mini shi, na saurara a jirgi da safen nan. Na ce ai aikin da ya bi ta hannun Hansatu ba ya bukatar idona."

Wani ɗalibi ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya yi shiru.

Inna Ladingo ce ta tashi. Ba ta nemi izini ba. Ta tako har gaban tebur da kofinta.

"Ni ban yi boko ba, ku yi mini da Hausa. Wato littafin nan mai kauri, duk taronku, ba wanda ya karanta?"

Malaman suka dubi juna.

"Ikon Allah. Ni ko ƙosai sai na gutsura na ji gishiri kafin in sayar." Ta juyo kan Sailuba. "Ke 'yar nan. Sau nawa kika ci abinci a gidana? Kin ce mana an gama."

"Na ce, Inna."

"Jikokina su sha ko kada su sha?"

"Kada su sha."

"Sai yaushe?"

"Ban sani ba. Sai na yi gwajin. Mai yiwuwa matatar ta gyaru, mai yiwuwa kuma sai an sake wata."

Inna Ladingo ta dube ta daga sama har ƙasa. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta karye ba. "Mun dafa shinkafa tukunya shida. Mun gayyato makaɗa. Yanzu in koma in ce wa mata su ɗauko jarkokinsu." Ta cusa kofin cikin mayafinta. "Allah ya isa ba zan ce ba, tunda kin faɗa kafin mu sha. Amma kada ki zo mini gida sai da ruwa."

Ta juya, matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A allon bango yaran suna nan suna jira, sai da wani ya tuna ya kashe hoton.

Hukuncin bai ɗauki awa ɗaya ba. An soke kundin. Sailuba za ta maimaita shekara, za ta kuma gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, wanda yake da ikon korarta gaba ɗaya. An dakatar da Farfesa Hansatu daga duba kundin ɗalibai har a gama bincike. Aka kuma umarci kowane sashe ya binciko ayyukan da aka amince da su cikin shekara biyar, a ga nawa ne ido na biyu bai taɓa sauka a kansu ba. Da aka karanta wannan, malamai da yawa suka sunkuyar da kai.

Bayan la'asar Sailuba ta shiga jirgin da ke zuwa unguwarsu. Ta riga ta miƙa na'urar kunnenta ga kwamiti, sai take jin kunnen fayau, kamar an cire mata haƙori. Jirgin ya ɗaga kan gadarsa, ya bi ta saman rufin gidaje masu sheƙi. Daga nesa ta hango jerin tankokin ruwa sun nufi gabas, kamar kullum.

A tasha ta biyu uwarta ta shigo. Ta ga Sailuba, ta yi ɗan jim, sannan ta zauna a kujerar da ke gabanta, ta ba ta baya. Ta buɗe jaka ta fito da wani abu mai nauyi ta ɗora a cinya. Kundin ne, an buga shi a takarda, shafi ɗari biyu da goma.

Tasha uku suka wuce. Sailuba tana jin ƙarar buɗe shafi, da ƙarar alƙalami.

"Shafi na huɗu," in ji Farfesa, tana fuskantar gaba, kamar da gilashin jirgin take magana. "An ce zogale yana kama kowane irin ƙarfe. Wa ya faɗa? A kawo hujja ko a cire."

Sailuba ta laluba jakarta ta samo biro da bayan wata takarda. "To."

"Shafi na shida, sakin layi na biyu. Wannan ba rubutun mutum ba ne, ya cika santsi. A sake shi da bakin mai shi, ko da zai yi gargada."

"To."

"Na tara. An auna sau biyu an ce ya isa. Sau biyar ake yi." Aka buɗe wani shafin. "Dabarar gasa ƙwayar kafin a niƙa, a shafi na sha ɗaya. Ta wace ce? Ta na'ura?"

"Tawa ce. A wajen Gwaggo na gani, haka take yi wa gyaɗa."

Farfesa ta yi wata 'yar alama a gefen shafin, ta wuce na gaba.

Har suka iso tasharsu a shafi na sha tara suke, gyara kuma ya kai ashirin da shida. Babu madalla ko ɗaya a ciki. Sailuba ta sauko tana bin bayan uwarta da tazarar taku uku, takardar a damƙe a hannunta. Ba ta san ko za a bar ta ta gama karatu ba, ba ta kuma san ranar da za ta iya taka gidan Inna Ladingo ba. Abin da ta gane shi ne, shekara biyu Inuwa tana ba ta abin da take zuwa nema, ita kuma ta ɗauka koyarwa ce. Yau ne karon farko da malamarta ta karanta aikinta.